Tambaya da Amsa: Wane ne duba-gari, wane ne madugu?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Duk lokacin da kwata ta cika a ƙofar gidanmu, sai kakata ta ce, "Da duba-gari na nan da ba a ga wanga ƙazanta ba." Kuma akwai wani gida a unguwarmu da ake kira gidan Madugu, amma ba wanda ya iya gaya mani dalili. Su wane ne waɗannan mutane?
Daga wata ɗaliba, Mabera, Sakkwato.

AMSA: 'Yata, ki gaishe mani da kakarki, gaskiya ta faɗa. Duba-gari ma'aikacin tsafta ne a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta bayan sun ci Sakkwato a 1903. Shi wannan na gan shi da idona. Ina yaro, da an ce ga shi ya shigo unguwa da kakinsa da ɗan littafinsa, sai gida ya hargitse. Inna ta kan tuntsurar da ruwan randa, ta sa mu goge cikinta da soso, ƙanwata kuma ta kama tsintsiya. Yakan yi sallama a zaure, maigida ya shiga da shi, mata su koma ɗaka. Sai ya ɗebi ruwa a ludayi ya ɗaga shi wajen haske. In ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, to an rubuta sunan maigida, sai gaban alkali da tara. Yana leƙa masai, ya bi kwata har waje, a kasuwa kuma ya duba naman mahauta. Mutane ba su ƙaunarsa, wasu ma na zargin ana toshe masa baki da 'yan sulalla. Duk da haka ni dai ban taɓa ganin unguwarmu tsaf irin ta wancan lokaci ba, kuma abin yana damuna duk damina in na ga yara kwance da zazzaɓi. Har yanzu akwai jami'an tsaftar muhalli, wasu na kiransu da tsohon sunan, sai dai ba su da kwarjinin na da.

Madugu kuwa ya girmi Turawa. Shi ne shugaban ayarin fatake. Daga ƙasar Hausa ake ɗora wa jakai kanwa da tufafin rini da jar fatar akuya, wadda majeman Sakkwato suka yi suna da ita, a nufi Gwanja, kasuwar Salaga da ke cikin Gana ta yau, a dawo da goro. Tafiyar watanni ce, ga koguna, ga 'yan fashi. Madugu ne ke cewa a tashi ko a yada zango, shi ke ganawa da sarkin kowane gari a daidaita abin da za a biya kafin a wuce, shi ke raba gardama tsakanin fatake. Yana da mataimaka: jagaba, mai shiga gaba ya duba hanya da mashaya, da uban dawaki. Kin ga jagaban da 'yan siyasa ke yi wa gwaninsu kirari da shi yau, kalma ɗaya ce da wannan ta ayari. Jirgin ƙasa ne ya fara karya wannan sana'a, ya iso Ƙauran Namoda a 1929, manyan motoci suka ƙarasa ta.

Tunda kin taɓo zancen, ga wasu da za ki iya ji a bakin tsofaffi. Malamin jangali shi ke ƙirga shanun Fulani don harajin dabbobi. Ɗan doka ɗan sandan En'e ne, daban da dogarin fada. Ita En'en kanta gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ne ya kawo ƙarshenta.

Game da gidan unguwarku, kusan tabbas kakansu ya jagoranci ayari. Ki sa kakarki ta raka ki wurin tsohuwar gidan, ki tambaye ta garuruwan da yake ratsawa, ki rubuta su yadda ta faɗa, ki aiko mani in buga a wannan shafi.