Ina da albashi mai kyau, me ya sa aka rage mini rancen gida?

Tambaya: Ma'aikacin gwamnati ne ni a Kaduna, shekarata 45. Albashina naira 240,000 a wata, kuma an daɗe ana cire mini kuɗin asusun gidaje na NHF. Na nemi rancen miliyan 10, aka ce ko miliyan 6 ba zan samu ba. Bashin da ke kaina ɗaya ne, na ƙungiyar ma'aikata, ana cire 30,000 duk wata. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ba girman albashi kaɗai banki ke dubawa ba. Abin da ya rage bayan masu bin ka sun ɗauki nasu shi ake aunawa. Ƙa'idar ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu, wato 80,000 a wajenka. Bashin ƙungiya ya riga ya ci 30,000, saura 50,000.

Sai shekaru, wanda masu nema kan manta da shi. Rancen NHF na FMBN, wato bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya, kan kai shekara 30 a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, amma ana so a gama biya kafin ritaya. Idan za ka ajiye aiki a shekara 60, shekara 15 kawai gare ka. A wannan tsawon, kowace miliyan ɗaya tana cin kusan 8,440 a wata. Raba 50,000 da wannan, za ka ga miliyan 5.9. Da babu bashin ƙungiyar, da ka kusa miliyan 9.5. Ka ga 'yar 30,000 ɗin nan ta janye maka sama da miliyan 3.5.

Shawararmu, in saura 'yan watanni bashin ya ƙare, ka biya shi gaba ɗaya, ka karɓi takardar shaidar kammala biya, sannan ka sake nema. Kada ka ci sabon bashi don tara kuɗin kafin alƙalami, musamman na manhajojin waya. Da lambar BVN ɗinka ake bincike a hukumomin adana bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral, kuma tsohon jinkirin biya yakan fito.

In kana da haya ko shago da ke kawo kuɗi, ka riƙa zuba su a asusun banki. Kuɗin da ke shiga aljihu kai tsaye, banki bai san da zamansu ba. Masu gudun ruwa da ke zuwa bankunan Musulunci ma, wannan awon albashi da bashi za su tarar.