Amsa: Tsohuwar kwamfutata ta ƙi karɓar Windows 11

Malam, ka ce kwamfutarka ta ƙi hawa Windows 11, kana tambaya ko ka sa wanda aka fasa a kasuwa. Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba. Ban da haƙƙin mallakar Microsoft, sau tari irin waɗannan da ƙwayar cuta suke zuwa, ga bayanan bankinka a ciki.

Duba TPM 2.0 tukuna, wato ɓangaren tsaron da Windows 11 ke buƙata a kwamfuta, mai yiwuwa a kashe yake a BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi. In babu shi gaba ɗaya, ka san tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tallafa wa Windows 10. Don haka gwada Linux Mint, wani tsari ne da ake sawa a madadin Windows, kyauta ne, halal ne ka kwafa ka ba maƙwabci. Photoshop ne dai ba ya hawa kan Linux Mint kai tsaye.