Hukuncin tilasta wa yaro aikin gida

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, iyalina suna unguwar Agege. Kafin asuba nake fita, sai bayan isha'i cunkoson hanya ke sako ni. Ɗana mai shekara 11 ba ya tsinana komai sai danna waya, uwarsa kuma ta ce wanke-wanke da shara ba aikin namiji ba ne. Ya halatta in tilasta masa aiki, in doke shi idan ya ƙi?

Amsa: Bismillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Sa yaro aikin da bai fi ƙarfinsa ba halal ne, yana ma cikin amanar da ke wuyanka, don Annabi (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Maganar mai ɗakinka al'ada ce, ba addini ba. Buhari ya ruwaito an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. Ka gaya mata wannan cikin laushi, ba a gaban yaron ba.

Duka kuwa, ɗan'uwa, ban ba ka shawararsa ba. Hadisin Abu Dawud ya ce a umarci yara da sallah suna shekara 7, ba a ambaci duka ba sai a 10. Ka lura, shekara 3 cur na tunatarwa sau biyar a yini, a kan sallah ma ke nan. Ko a can malamai sun ce kada ya yi rauni, kada ya taɓa fuska. Kai da ba ka zauna ka koya masa ba, da wace hujja za ka fara da bulala? Anas ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ji daga gare shi ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne yaron ba ya ganinka. A Arewa akwai zaure, akwai baffa da kawu da maƙwabcin da zai tsawata. A gidan haya a Legas sai abin da ku biyu kuka dasa. Don haka ka yanka masa aiki ƙarami tsayayye: naɗe shimfiɗarsa, cika jarkar ruwa, wanke kwanon da ya ci. Wayar ta kwana a hannun uwarsa, ba za ta fito ba sai ya dawo Islamiyya ya gama nasa. Kai ma ka ajiye taka idan ana cin abinci. A kan akushi Annabi ya koya wa Umar ɗan Abu Salama ya yi bismillah, ya ci da dama, ya ci gabansa, kuma Umar ya ce haka cinsa ya zauna har abada.

Ranar Asabar ka tashe shi ku yi asuba tare, ku tafi kasuwa, ya ga yadda ake sauke kwanduna daga mota, ya riƙe maka lissafi, ka ba shi ɗan ladansa. Sharaɗi dai kada kasuwa ta ci karatunsa, kada kuma a ɗora masa kwandon da babba ke nishi a ƙarƙashinsa.

Wallahu a'alam.