Ku Tambayi Tanti Sajifam: Ciki Ya Tsufa, Jiki Ya Yi Nauyi

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, da mazan da ke leƙo shafin nan a ɓoye. Wanga karo saƙonnin masu tsohon ciki sun yi yawa a WhatsApp ɗinmu, na zaɓo waɗanda suka fi maimaituwa, sauran ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Tanti ina wuni, ya aiki. Cikina wata 8 ne kuma na fari ne, ƙwannafi ya hana ni sakat, da na ci abinci sai in ji kamar wuta na taso mini har maƙoshi, dare kuwa a zamne nake kwana. Kakata ta ce suma ce yaron ke da ita, ta ce in dinga jiƙa kanwa ina sha kuma gaskiya in na sha ina jin sauƙi. To in ci gaba? Daga ɗiyarki a Bagalam.

AMSA: Ɗiyata ki aje kanwar nan tun yau, ki gaida mini kaka da kyau amma ki aje ta. Ba gashin yaro ke sukar ki ba. Akwai wata ƴar ƙofa tsakanin hanyar abinci da tumbi wadda ke hana ruwan tsami dawowa sama, to sinadarin da jikinki ke yi don riƙe cikin yana sassauta ta, ga mahaifa ta taso tana danna tumbin daga ƙasa, shi ya sa abin ke ƙaruwa a wata 7 zuwa 9. Kanwa tana kashe tsamin nan take, wannan gaskiya ne, amma kanwa dangin gishiri ce, tana sa jiki riƙe ruwa kuma tana iya tada tansiyo, wato hawan jini, ke kuwa mai cikin fari kina cikin waɗanda muka fi sa wa ido a kan tansiyo. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, ta Najeriya nake nufi ba unguwar Zariyarmu ta nan ba, suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Abin da ake jin tsoronsa ga mai jego ba za a ba mai ciki shi kullum da sunan magani ba.

Abin yi shi ne ki daina cika tumbi lokaci guda, tuwon da kike ci sau 2 ki raba shi sau 5 ko 6. Na dare ki ci da wuri, a samu kamar awa 3 kafin ki kwanta, ki rage maiƙo da yaji da soye-soye da lemun kwalba, ki ɗaga kafaɗunki da matashi biyu. Nono ko madara kaɗan yana lafar wa wasu. In duk bai yi ba ki faɗa wa sajifam, wato ungozomar likita, ranar awo ta rubuta miki ordinans, takardar sayen magani, akwai maganin ƙwannafi da mai ciki ke sha lahiya lau, sai dai kar ki haɗa shi lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini, ki bar awa 2 tsakani. Abu ɗaya kuma, in ciwon ya koma ƙarƙashin haƙarƙarinki na dama yana cizo, ga ciwon kai, wannan ba ƙwannafi ba ne, karanta amsar da ke biye.

TAMBAYA: Hajiya barka da warhaka. Haihuwata 4 wannan na 5, ƙafafuna sun kumbura takalmi baya shiga, ban taɓa yin haka ba a sauran. Kwana biyu kuma zobena ya matse har sai da aka sa sabuni. Uwar mijina ta ce alamar namiji ne ko tagwaye in kwantar da hankalina. Awo sau ɗaya na je tun ciki na wata 5 don layin yana da tsawo ga aikin gida. Daga Tibiri.

AMSA: Ƙanwata, gobe da sassafe ki tahi CSI, ƙaramar likitar da ke kusa da ku, a auna miki tansiyo a duba fitsari, kar ki jira ranar kasuwa kar ki jira maigida ya dawo daga tahiya. Ba tsorata ki nake ba, zai yiwu a duba a ga ba komi. Kumburin ƙafa shi kaɗai abu ne da mafi yawan masu tsohon ciki ke yi, jinin jiki yana ƙaruwa kusan rabi, mahaifa kuma ta danne manyan jijiyoyin da ke maido jini daga ƙafafu, ga zafin garinmu da ke wuce 40 a watan Afrilu da Mayu. Irin wannan da marece yake tsananta, in an kwana an tashi sai ya saɓe, maganinsa ɗora ƙafa bisa kujera ko tabarmar da aka naɗe, rage doguwar tsayuwa, da shan ruwa sosai. I, shan ruwa, masu rage ruwa wai don kar su ƙara kumbura wahalar da kansu kawai suke.

Amma zoben nan naki shi ya tsaya mini a rai. In kumburi ya hau hannu da fuska, ko ya zo farat ɗaya, muna tunanin hawan jinin masu ciki, wanda ke bayyana bayan sati 20. In an auna aka ce miki 14/9 ko sama da haka to an shiga layin da sai an bi ki a hankali. Mugun halinsa shi ne mace na iya yawo da shi tana daka tana wanki ba ta jin komi, sai ranar da ciwon kai mai tsanani ya zo, ido ya dinga ganin wuta-wuta ko hazo, daga nan sai jijjiga. Kuma a nan ne muke asarar lokaci, mace ta faɗi tana taune harshe sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi a kira mai ruƙiyya, awa 3 awa 4 na wucewa. Addu'a a yi ta cikin mota ana tahiya. A likita akwai allurar da ke tsaida jijjigar da maganin sauke tansiyo, kuma in abin ya fi ƙarfin CSI su da kansu za su turo ki Maradi cibiyar uwa da yaro. Ko bayan an sauka lahiya ciwon nan na iya tasowa cikin kwanakin jego, a riƙe wannan.

Zancen layi kuwa na san shi, amma awo ɗaya ga ciki na 5 ya yi kaɗan ƙwarai. Hukumar lahiya ta duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lahiya sau 8, kuma mafi yawansu a watannin ƙarshe suke don a nan ne abubuwa ke juyawa. Tagwaye ko namiji, eko, wato hoton ciki, ce za ta faɗa, ba ƙafa ba.

TAMBAYA: Tanti barci ya gagare ni, in na juya dama ƙugu in na juya hagu mara, fitsari kuwa kamar sau 6 nake tashi, wani lokacin jijiyar ƙafata ta ɗaure cikin dare har in yi kuka. Ga kuran in an ɗauke ɗakin kamar tanda. Daga Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Sannu ɗiyata, duk abin da kika lissafa na hanya ne. Kan yaro ya sauko yana zamne bisa mafitsara, ko cokali biyu suka taru sai ki ji kamar ta cika. Ki sha ruwanki da rana ki rage bayan isha'i. In fitsarin na zafi ko ga masassara, wannan sai likita. Kwanciya ki yi ta gefe, hagu ko dama duk wanda ya fi miki daɗi, ki sa matashi tsakanin gwiwoyi wani ƙarƙashin cikin, rigingine ne ba mu so daga wata 7 don nauyin mahaifa na danne babbar jijiya. In kin farka kin gan ki rigingine ki juya kawai, ba abin tashin hankali ba ne. Ƙafa in ta ɗaure ki miƙe ta ki jawo yatsun wajen fuskarki, maigida ya murza miki, ai shi ma da hannunsa a ciki. In za ki fito tsakar gida saboda zafi to da sangenki, palu, masassarar cizon sauro, ga mai ciki yana shanye jini yana sa a haifi yaro ƙarami, kuma ki tabbata kina karɓar Fansida ɗin nan ƙwaya 3 da ake sha gaban sajifam, wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa.

TAMBAYA: Salam Hajiya, ni namiji ne a yi haƙuri. Iyalina na wata 8, na kama ta tana cin farar ƙasa a ɓoye, ƙanƙara kuwa ta dala ashirin sai ta taune ta tas. Ko tsakar gida ta share sai ta zamna tana haki. Na yi faɗa ta ce ba ta iya bari. Mi zan yi? Daga Gidan Rumji.

AMSA: Malam ka kyauta da ka tambaya, kuma ka bar faɗan. Kwaɗayin ƙasa da ƙanƙara sau da yawa tare yake tahiya da ƙarancin jini, ga hakin da ka ce tana yi. Ka duba cikin fatar idonta da tafin hannunta, in sun yi fari fat kar a kwana, ko ba su yi ba a je a auna jinin. Ƙasar kanta tana hana jiki tsotsar abin da ke gina jini, tana sa bayan gida ya yi tauri har basir ya fito, ga tsutsar ciki. Ka tambaye ta ina ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta wajen awo, ba mamaki suna nan ƙarƙashin katifa, mata da yawa na aje su wai suna sa yaro ya yi ƙato ya ƙi fita. Ba su sa hakan. Suna baƙanta bayan gida, wasu su ji tashin zuciya, sai a sha da dare bayan an ɗan ci wani abu, ba da shayi ba don shayi na hana su aiki. Kai kuma naka aikin cefane ne, nama, kifi, ƙwai, wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko fara in ta samu. Daka da ɗaukar bidon ruwa a samo mai kama mata. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, zubar da wata za ta jure ita tana iya kada ta.

TAMBAYA: Tanti saura sati 3 bisa lissafin karne na awo. Cikina yana tamkewa ya yi tauri sai ya saki, wani farin ruwa mai yauƙi na zubo mini, an ce zaƙi ne kuma in bai fita duka ba naƙuda za ta yi tsawo, har an haɗo mini saiwoyi in dinga sha. Kuma za a kai ni goyon ciki ƙauyenmu bayan Dakoro. Ina jin kunyar yi wa iyayena gardama.

AMSA: Tamkewar nan mahaifa ce ke gwaji, ba ta da tsari, in kin kwanta kin sha ruwa sai ta lafa. Naƙudar gaske daga baya take kamowa ta zagayo mara, tana ƙara ƙarfi tana matsowa kusa-kusa, kwanciya ba ta korar ta. Farin ruwan kuma in baya ƙaiƙayi baya wari na al'ada ne, ba wani zaƙi da ya toshe hanya. Saiwoyin ne ban yarda da su ba, ba wanda ya auna ƙarfinsu, wasu suna tada ciwon mara mai tsanani tun ƙofa ba ta buɗe ba, yaro ya galabaita, mahaifa ma tana iya tsagewa. Rage sukari da lemu dai yana da kyau don akwai ciwon sukari na masu ciki da ke sa yaro girma fiye da kima, wannan kuwa da gwajin jini ake gane shi.

Ranar da aka rubuta a karne lissafin sati 40 ne, daga sati 37 ko yaushe tana iya zuwa, wato ke yanzu kina bakin ƙofa. Goyon ciki ba ni da ja a kansa, wa zai kula da ke kamar uwarki. Tambayata ita ce tsakanin gidanku da matarniti tahiyar mi ce, kuma in abu ya taso ƙarfe 2 na dare da mi za a ɗauke ki, amalanke ko mota, in damina ce hanyar na biyuwa? In amsar ba daɗi, inna ta zo nan Maradi ta zamna da ke, bayan suna ku tahi tare ki yi wankanki can. Ki sa mijinki ko wata gwaggo mai faɗa a ji su yi maganar in ke ba ki iyawa. Kunyar ɗan fari da ke sa yarinya ta shige ɗaki ta danne baki tana naƙuda kwana 2 ita ce ke kai mata da yawa Danja kusa da Maradi, inda aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012, kan yaro ne ke daɗewa yana danne mafitsara har wurin ya huje.

Ki haɗa kayanki tun yanzu, zannuwa masu tsabta, kayan jariri, karne, da ƴan kuɗin mota da na farmasi a ƙulle gefe, lambar mai adaidaita ko mai mota tana cikin wayar mutum 2 a gidan. In faya ta fashe ki tahi ko ba ki jin ciwo. In kin ga jini, ko masassara, ko kika ji motsin yaro ya ragu ba kamar yadda ya saba ba, a ranar za ki je, kuma kar kowa ya ce miki wai yaro yana daina motsi in haihuwa ta kusa, yana motsi har cikin naƙuda.

Mai tambaya a kan azumin ramuwa da tsohon ciki, da mai tambayar kabu-kabu a wata 9, na ga saƙonninku, ku ne farko a fitowa mai zuwa in sha Allahu.