Amsa kan maganar fakin a bakin Matan Fada

Assalamu alaikum 'yan'uwa, manya da yara, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri, muryar wagga za ta ɗan yi tsawo, don rubutu ba zai ɗauke abin da ke bakina ba.

Ƙanena, na saurari abin da ka faɗa jiya da dare. Ka ce mi zai hana a cike wani yanki na fadama kusa da Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifi na Argungu, a zuba jan ƙasa a daddaɓe, a yi ƙaton filin ajiye motoci, baƙo ya sauka daga motarsa ya taka kaɗan ya ga ruwa. Ka ce wahalar da mutane ke sha ta tafiyar ƙasa cikin rana ita ke korar baƙi. Wallahi niyyarka mai kyau ce, kuma maganar rana gaskiya ce, don biki yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, zafi ya soma kankama. Amma ni ban goyi bayan a kai mota bakin gulbi ba, ko ɗaya.

To ka ga, wurin nan ba fili ne da Allah ya bari haka kawai ba. Ruwa ne mai doka. Shekara guda cur ba a su a Matan Fada, Sarkin Ruwa da mutanensa ke tsaronsa, sai ranar da aka buga bindiga masunta su afka da homa da gora. Wannan hanin shi ya sa kifi ke samun sukunin girma. Da aka dawo da biki a 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi. Masunci yana da yunwa, yana ganin ruwa, ya haƙura wata goma sha biyu. Sai kuma mu zo mu jera ɗaruruwan motoci a kan gaɓa, wannan na ɗigar baƙin mai, wancan na ɗigar man birki, yara masu wankin mota sun baza omo, duk ya gangara ina? Cikin ruwan da aka hana talaka jefa ƙugiya. Ina adalci a nan?

Sannan ita fadamar kanta. Lokacin biki shinkafar rani na cikin gona, an yi dashe, injin ban ruwa na aiki. Ƙasar fadama laka ce, in taya ta bi ta kanta sau da yawa sai ta danne ta yi tauri, ruwa ba ya shiga yadda ya kamata, saiwa ba ta kamawa. Manomi ya kwashe makonni yana gyara fangali, direba ɗaya da ke neman gajeriyar hanya ya murƙushe su cikin minti biyu ya wuce, bai ma san ya yi ɓarna ba. Kuma wanga wuri da kake son a cike, da damina na ruwa ne. Kowa a nan ya tuna ambaliyar 2020, yadda ta cinye shinkafar Kebbi. In ka cike fadama ruwan ba ɓacewa zai yi ba, gonar wani ko gidan wani zai nufa. A kashe kuɗi a kan filin da za a mora kwana huɗu, damina ta zo ta wanke shi, wata shekara a sake ba da kwangila.

Abin da nake gani shi ne a tsare mota tun daga bakin gari. Masu zuwa ta hanyar Birnin Kebbi su sami filinsu a tudu kafin su shigo, masu zuwa ta hanyar Sakkwato su sami nasu, 'yan'uwanmu na Nijar da mutanen ƙaramar hukumar Arewa su ma nasu. A kan tudu, ƙasa mai tauri, wadda ba gonar kowa ba, ko in ta wani ce a biya shi haya a gaban shaidu. Daga nan bas-bas da Keke su riƙa jigila zuwa wajen biki, kuɗi ɗaya sananne da aka rubuta a allo, kada ranar ta zama ranar yankan kai. Bas ɗaya mai kujera goma sha takwas in tana kai da komo, ta ɗauke wa hanya ƙananan motoci masu yawa. Kuma kuɗin ya tsaya a aljihun yaranmu masu Keke da 'yan kabu-kabu. Tsofaffi, masu juna biyu da naƙasassu a ba su tasu motar da za ta kai su har bakin rumfa. Wannan ita ce amsar maganar rana da ka kawo, a haɗa da rumfuna da randunan ruwan sha a kan hanyar masu tafiya ƙasa.

Hajiya ta yi tambaya a kan kuɗin fakin. A karɓa, Hajiya, amma da tikiti mai lamba, rabi a hannun direba rabi a littafi. Masu karɓa su sa riga iri ɗaya da kati a wuya. In babu haka, kowane matashi da ya sami igiya zai ɗaure ta a hanya ya ce nan tasharsa ce. Wani kaso na kuɗin ya tafi ga kwashe leda da robobin ruwa bayan biki, wani kaso ga manoman da aka taka wa gona.

Yanzu bari in taɓo wurin da ake jin nauyin faɗa. Ba talaka ne ya fi toshe hanya ba, ayarin manya ne. Mutum ɗaya, mota goma sha, jiniya na kuka, kowace sai ta kai bakin rumfa ta tsaya nan. In aka hana ɗan kasuwa daga Jega shiga da motarsa, ya ga an ɗaga shinge wa wasu, to dokar ta mutu nan take, kowa zai ce shi ma yaron wane ne. A kayyade: motar babban baƙo da ta masu tsaronsa su shiga, su sauke shi, sauran su koma tudu su jira waya. Wannan ba 'yan sa kai za su iya faɗa ba, sai daga fadar Mai Martaba Sarkin Argungu da gwamnati, a rubuce, tun kafin a aika katin gayyata.

Da wani abu da ba a cika shirya masa ba, wato fita. Shigowa mutane na zuwa a rarrabe tun da asuba. Amma kamun kifin nan bai wuce kamar awa guda ba, ana gama awo a kan sikeli kowa ya miƙe lokaci ɗaya, kamar an ɓalle bakin madatsa. Nan ne ake ture yara, nan ne babur ke shiga ƙafar mutane. Dole hanyar shiga ta bambanta da ta fita, masu ƙafa su fara wucewa kafin a saki mota. Kuma a bar layi ɗaya fayau daga bakin ruwa har asibiti. Wuri ne da dubban mutane ke cikin ruwa, wani zai shaƙe, wani zai suma don zafi. Motar asibiti da ta maƙale a bayan mota ɗari ba ta da amfani ga kowa. Ko mai tuta bai kamata ya tsaya a kan layin nan ba. 'Yan Hukumar Kiyaye Haɗurra, 'yan sanda, 'yan agaji da ƙungiyar direbobi su zauna tare tun da saura wata guda, kowa ya san mahaɗar da zai tsaya.

Bikin nan tun 1934 ake yinsa, tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Baƙi ƙaruwa za su yi, motoci ma haka. In aka raba musu ƙafa, wasu a fara kai su gidan tarihin Kanta da kasuwar baje koli kafin bakin ruwa, cunkoson zai ragu kuma 'yan cikin gari su yi ciniki.

Don haka ƙanena, ranar taron kwamiti ka kai maganar rumfa da ruwan sha da motar tsofaffi, zan tsaya maka. Masu gona a gefen Matan Fada da ke cikin zauren nan, don Allah ku turo mana inda motoci suka fi ratsa muku, mu san inda za a kafa shinge. Na gode, a huta lafiya.