Wane launi zan yi wa injin tsohuwar Beetle ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, na gaji Volkswagen Beetle ta mahaifina, irin wadda aka haɗa a masana'antar Ojo a shekarun 1970. Ina son maido ta yadda take tun asali. Mai fentina ya ce mu fesa wa injin ja gaba ɗaya. Ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifi. Malam, ka dakatar da mai fentin nan tukuna. Injin Beetle bai fito daga kamfani da ja ba. Farantan ƙarfen da suka lulluɓe shi, har da gidan fanka, baƙi ne mai matsakaicin sheƙi. Ita kuwa tukunyar injin, wato gangar jikinsa ta tsakiya, da garwayen maganiziyam aka zuba ta, kuma ba a yi mata fenti ko kaɗan. Haka za ka bar ta. Injin nan ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi, to fenti mai kauri a kan tukunya ko haƙarƙarin silinda riƙe zafi zai yi, ga kuma cunkoson Oshodi yana jiranka.

Lambar launi da kamfani ke sa wa mota ta bodi ce, ba ta inji ba. Shaidarka tana jikin injin da kansa. Ka sa bakanike ya kwance farantan, ka duba inda rana da hannu ba su taɓa kaiwa ba: ƙarƙashin wasa (zoben ƙarfen da noti ke zama a kai), bayan koyil, wurin da faranti ya hau kan ɗan'uwansa. Ka goge da kananzir da tsumma mai laushi. Kada tina, ruwan tsinka fenti, ta kusanci wurin, cinye shaidar za ta yi. In ya bushe za ka ga sheƙin asali, wanda bai kai na madubi ba, bai kuma mutu kamar gawayi ba. Wannan farantin za ka ɗauka zuwa wurin mai haɗa fenti. Hoton waya ƙarya yake yi. A fesa gwaji a kan guntun ƙarfe, a bari ya bushe sarai, a gwada su gefe da gefe a hasken rana.

In kana da wata tsohuwar motar, shekara ma tana da magana: Ford ta mayar da injunanta shuɗi a 1966, Chevrolet ta bar ruwan lemo ta koma shuɗi a 1977.

Ka nemi fentin inji mai jure zafin digiri 260 na ma'aunin Celsius, an saba rubutawa a jikin gwangwanin. Salansa tana buƙatar nata daban, mai jure fiye da haka.

Abin da ya fi damuna da Legas shi ne laima da iskar teku. Duk tsatsar da aka rufe da fenti za ta kumburo kafin damina ta ƙare, don haka a kankare har sai ƙarfe ya fito fes, a wanke maiƙo, a yi shimfiɗar farko ta fenti a ranar, kada ya kwana tsirara. A guji feshi ranar hadari, fentin kan yi hazo. Tukunyar da ba a fenta ba kuma, a riƙa shafa mata ɗan mai.

In wani faranti ya ruɓe, ka leƙa kasuwar kayan mota ta Ladipo da tsohon a hannunka, domin sun bambanta daga inji zuwa inji. Ka sayo har da robar da ke kewaye injin, ita ce ke hana iska mai zafi komawa cikin fanka.