Amsa ga Yayata kan Wainar Kabejin da Muke Yi a Osaka

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigida da yara, na ga tambayarki kan abincin da kika gani a gabanmu ranar Sallah, inda kika ce ko wainar fulawa ce muka laƙaba wa sunan Japan. Akwai kama tsakaninsu, amma bambancin ya fi ta yawa.

Sunansa okonomiyaki. A harshensu "okonomi" na nufin abin da ranka yake so, "yaki" kuma gashi ne ko suya. Ya bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci, mutane suka koma ga fulawa suna cika ta da kabeji domin ta ƙosar. A Hiroshima, garin da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a 1945, jera kayan suke yi hawa-hawa har da taliya, mu kuwa nan Osaka cakuɗa komai ake yi a kwano guda kafin a zuba.

A wainar fulawa ta gida ƙullu ne gaba, albasa da attaruhu suna biye. A nan kabeji ne mai gida, ƙullun aikinsa kawai ya riƙe shi kada ya watse, kuma duk wadda ta cika fulawa za ta sauke abu mai tauri da nauyi a ciki. Don waina biyu nakan ɗauki fulawa giram 100, da ƙwai 2, da kabeji kimanin giram 300 wanda aka yanka ƙanana, da albasa mai lawashi. Ruwan kwaɓin romo ne da suke kira dashi, wanda ake dafawa da ganyen teku mai suna kombu da busasshen kifi. Daga wannan ganyen ne wani malamin kimiyya, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin ɗanɗano a 1908, wanda ya zama Ajinomoto ɗin da kike sa wa miya a Kano. Sannan ana gurza wata doya mai yauƙi kamar karkashi, sunanta nagaimo, ita ce take sa wainar ta yi laushi ta tashi.

Dalilin da ya sa mu Hausawan nan, waɗanda yawancinmu karatu ne ya kawo mu, muke yin sa a gida shi ne halal. A shaguna an fi shimfiɗa naman alade a kansa, kuma ko ka ce a yi maka na jatan lande, a kan faifan ƙarfe ɗaya ake soya kowanne. Miyar da ake shafawa ma sai an karanta jikin kwalbarta, domin wasu suna da barasa ko romon naman da ba mu san yankansa ba. Saboda haka muna sayen naman sa a shagunan halal, a yanka shi sirara kamar za a yi kilishi, miyar kuma ko mu nemi mai hatimin halal, ko mu haɗa tamu da tumatirin kwalba da niƙaƙƙen dabino da ruwan waken soya marar barasa. Dabinon ba ƙirƙirarmu ba ce, kamfanin Otafuku na Hiroshima ma da shi yake zaƙaƙa tasa miyar.

Wajen suya ake gane hannu. Ba a haɗa kabeji da ƙullu sai kasko ya yi zafi, in ba haka ba zai saki ruwa. A zuba shi da kaurin yatsu biyu, a jera nama a sama, a bar shi minti 4 zuwa 5 a matsakaiciyar wuta, a juya, a rufe na wasu minti 5. Kada ki danna shi da cokali, wanda shi ne kuskuren da na daɗe ina yi saboda hannuna ya saba da wainar gida, har wata tsohuwa maƙwabciyata ta nuna mini cewa iskar da ke tsakanin kabejin nake kora. Idan an sauke sai a shafa miya, a zuba mayonis, a barbaɗa garin ganyen teku da figaggen busasshen kifi, wanda tsabar sirantakarsa ke sa shi motsi a cikin tururi. Mu kan ƙara yajin ƙuli, kuma ni a ganina ya dace da shi ƙwarai.

Kaskon lantarki muke ajiyewa a tsakiyar tebur, a zauna a kewaye, kowa ya soya nasa. Ke ma za ki iya da tandar suyar ƙwai: ki tafasa busasshen kifi ki tace ruwan a madadin dashi, ki gurza doya cokali biyu cikin ƙullun, ki zaɓi kabejin Jos mai nauyi a hannu. Idan kin gwada, ki faɗa mini yadda yara suka karɓe shi. Ki gaida mini Inna.